Lord Trenchard, Uban Mayaƙan Sama na Ingila

Ran 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, waɗansu jiragen sama guda uku na sojan Ingila suka sauka a Kano. Sun taso daga Helwan, kusa da birnin Alƙahira, ran 27 ga Oktoba, suka bi ta Hartum da El Fasher da ƙasar Cadi, watau cikin kwana shida suka yanke hanyar da alhazan da can ke shafe watanni, wani lokaci ma shekaru, suna bi da ƙafa. Madugunsu wani saurayin hafsa ne, Arthur Coningham. Amma yau labarin ubangidansa za mu bayar, wanda a lokacin yake zaune a ofis a Landan yana shugabancin dukan mayaƙan sama na Ingila, wanda kuma shi kansa ya yi fiye da shekara shida yana aikin soja a Nijeriya tun kafin ya taɓa sa ƙafa cikin jirgin sama. Sunansa Hugh Montague Trenchard. Mutanen Ingila suna ce masa uban mayaƙan samansu, ko da yake shi bai taɓa son wannan suna ba.

An haife shi ran 3 ga Fabrairu 1873 a garin Taunton, kudu maso yammacin Ingila. Ubansa tsohon kyaftin ne na soja wanda ya koma aikin lauya. Yaron ya tashi da son hawan doki da harbi da yawon daji, amma littafi ya gagare shi, lissafi kaɗai yake ɗan taɓukawa. Iyayensa suka so ya shiga sojan ruwa, ya faɗi jarrabawa, domin ba ya iya jera baƙaƙen kalmomin Turanci daidai. Aka juya shi wajen makarantar hafsoshin igwa ta Woolwich, ya faɗi sau biyu. Ana cikin haka, yana da shekara 16, ubansa ya karye, bashi ya cinye abin da ya mallaka, sai dangi suka ɗauki nauyin karatun yaron. Ya nemi shiga soja ta ƙaramar ƙofa, watau ta hanyar sojan sa-kai, nan ma ya faɗi cikin 1891, ya sake faɗuwa cikin 1892. Sai cikin 1893 ya haye da ƙyar. Aka ba shi ƙaramin laftana a rundunar Royal Scots Fusiliers, aka tura shi Indiya yana da shekara 20.

Muna roƙon malamai masu riƙe da jan alƙalami su lura da wannan wuri, gama za mu sake komowa kansa. Yaron nan da ya faɗi jarrabawa sau biyar shi ne ya zo ya kafa makarantu waɗanda har yau suna tsaye.

A Indiya bai yi suna da komai ba sai ƙwallon doki da iya harbi. Sauran hafsoshi masu kuɗi ne, shi ba shi da ko anini bayan albashinsa, ga shi ba ya shan giya, ba ya hira, har suka laƙaba masa suna Raƙumi. A filin ƙwallon doki ne ya fara gamuwa da wani saurayin hafsa, Winston Churchill, cikin 1896. A can kuma, da babu mai tilasta masa, ya fara karanta littattafai don kansa, yawancinsu tarihin manyan mutane.

Cikin 1900 ya sami abin da yake nema, aka tura shi Afirka ta Kudu inda Ingila ke yaƙi da Bowa, watau jikokin Turawan Holan da suka zauna can. Ran 9 ga Oktoba 1900, a wani gidan gona da ake kira Dwarsvlei, yana gaban mutanensa sai harsashi ya same shi a ƙirji. Huhunsa guda ya lalace, ƙafafunsa suka shanye, aka komar da shi gida yana tafiya da sanduna. Wata mata mai arziki, Lady Dudley, ta biya masa kuɗin zuwa St. Moritz a ƙasar Suwizalan don ya sha iskar duwatsu. Zaman banza ya ishe shi, sai ya shiga wani wasa da ake yi can, inda mutum zai kwanta bisa ɗan katako mai ƙafafun ƙarfe ya gangaro daga tudun ƙanƙara a guje. Wata rana ya kife, ya bugu ƙwarai, da ya tashi sai ya ga yana tafiya ba sanda: faɗuwar ta gyara abin da ya goce a ƙashin bayansa. Bai tsaya jiran yardar likitocin soja ba, ya yi ta kai gwauro yana kai mari har ya koma fagen fama cikin 1901.

Da aka gama wannan yaƙi sai ya nemi aiki a rundunar Afirka ta Yamma, wadda tsofaffinmu suka sani da sunan Waf. Ya iso Nijeriya cikin Disamba 1903, aka naɗa shi mataimakin kwamandan rundunar Nijeriya ta Kudu, wadda hedkwatarta ke Kalaba. Sojojin wannan runduna da yawa Hausawa ne da Yarbawa, hafsoshinsu Turawa. Ya tarar da horo ya yi sanyi tsakanin hafsoshin, ya hana caca, ya matsa wa masu shaye-shaye, bai damu da ko ana sonsa ba. Aikin rundunar kuwa shi ne shiga ƙasashen da ba su yarda da mulkin Turawa ba a tilasta musu. Mafi girman tafiye-tafiyensa ita ce ta ƙasar Ibo, tsakanin Bende da Onica, cikin 1905 da 1906. A wannan lokaci ne aka kashe wani likita Bature a yankin, ramuwar da ta biyo baya kuwa ta yi tsanani: bindiga mai ruwa a kan masu bindigar toka da adda, aka ƙone garuruwa, aka kama dattawa. Saboda wannan yaƙi aka ba shi lambar D.S.O. cikin 1906, wadda ake ba hafsa don ƙwazo a fagen fama. Ita ce lambarsa babba ta farko, kuma ya kamata mai karatu ya san inda aka samo ta.

Cikin 1908 ya zama kwamandan rundunar duka. Ya kai mutanensa har ƙasar Tibi, inda ya fi dogara ga sharar hanya da ciniki. Amma ƙasar ta ci jikinsa. Da fari zazzaɓin nan mai baƙanta fitsari ya kama shi, sa'an nan cikin 1910 ƙurji ya fito masa a hanta, aka ɗauke shi zuwa Ingila rai a hannun Allah.

Da ya warke aka mayar da shi tsohuwar rundunarsa a ƙasar Ayalan. Ga shi manjo, shekara ta kusa 40, huhu ɗaya, ido ɗaya ba ya gani sosai, babu alamar ƙarin girma. Duk wanda ya dube shi a lokacin zai ce ruwansa ya ƙare. Sai ga takarda daga wani abokinsa na zaman Nijeriya, Kyaftin Eustace Loraine, yana ba shi shawara ya zo ya koyi tuƙin jirgin sama, gama a shekarar nan ta 1912 aka kafa sashen jiragen sama na soja, Royal Flying Corps. Doka ta ce wanda ya cika 40 ba za a karɓe shi ba, shi kuwa saura 'yan watanni. Ya nemi hutu ya nufi Landan. Kafin ya isa, ran 5 ga Yuli, jirgin Loraine ya faɗi ya mutu. Wannan bai mayar da shi baya ba. Ya shiga makarantar tuƙi ta Sopwith a Brooklands, ya karɓi takardar shaida mai lamba 270, alhali duk zamansa a sama in an haɗa minti 64 ne.

Bai taɓa zama gwanin tuƙi ba, kowa ya san haka. Amma da ya je babbar makarantar tuƙi ta soja a Upavon, shugabanta ya ga abin da makarantar ta rasa shi ne mai tsara aiki, sai ya ɗora masa sha'anin ofis da horo. Cikin ayyukan da aka ba shi har da shirya jarrabawa. Ya rubuta tambayoyin, ya zauna ya amsa su, ya duba takardarsa da kansa, ya ba kansa nasara. Ba mu ba kowane malami shawarar ya yi koyi da wannan ba. A nan ne kuma aka yi masa laƙabin da ya bi shi har kabari, Boom, saboda muryarsa mai kama da tashin igwa.

Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin Agusta 1914. Da fari aka bar shi gida yana haɗa sababbin ayarin jirage. Ayari a nan shi ne jirage goma sha biyu zuwa goma sha takwas ƙarƙashin hafsa guda, tare da makanikansu. Cikin Nuwamba aka tura shi Faransa, cikin Agusta 1915 kuwa aka ba shi dukan jiragen sojan Ingila da ke fagen fama, ya riƙe su har farkon 1918. Ra'ayinsa guda ne, bai taɓa sake shi ba: jirgin sama makamin kai hari ne, kada a tsaya tsaron gida, a ƙetare layi kullum a tarar da Jamus a samaniyarsu, don jiragen da ke ɗaukar hoto da masu nuna wa igwa wurin bugu su yi aikinsu lafiya. Janar Haig, babban kwamandan sojan ƙasa, ya amince da shi ƙwarai saboda wannan.

Abin ya ci rayuka. Iska a wannan fage ta fi busowa daga yamma, saboda haka jirgin da ya lalace a bayan layin Jamus da wuya ya komo. Sau da yawa kuma jiragen Jamus sun fi na Ingila kyau. Cikin watan Afrilu 1917 kaɗai an yi hasarar jirage wajen 245, mutane fiye da 200 suka mutu ko suka ɓace, aka kama fiye da 100. Ana aiko samari daga makaranta ba su gama ƙwarewa ba, waɗansu ba sa yin mako uku. Trenchard ya kafa doka cewa duk wanda ya faɗi yau a cike gurbinsa kafin karin kumallon gobe, don kada abokansa su zauna suna duban kujera babu kowa. Waɗansu suna ganin wannan tausayi ne, waɗansu suna ganin rashin imani. Yana yawo daga wannan ayari zuwa wancan, yana tambayar makanikai abin da suka rasa, yana kuma tabbatar da an kawo. Da yake magana ba ta fita bakinsa a jere, akwai wani marubuci tare da shi, Maurice Baring, wanda aikinsa shi ne ya rubuta abin da aka ce a yi, ya mayar da gurnanin ubangidansa Turanci mai ma'ana, ya kuma bi baya ya lallashi waɗanda aka yi wa tsawa.

Wani abin mamaki shi ne, mutumin da ake kira uban rundunar sama bai goyi bayan haihuwarta ba. Ran 13 ga Yuni 1917 jiragen Jamus suka jefa bama-bamai a Landan da rana tsaka, suka kashe mutum 162. Hankalin jama'a ya tashi, Gwamnati ta sa Janar Smuts na Afirka ta Kudu ya bincika, ya ba da shawara a haɗa jiragen sojan ƙasa da na sojan ruwa su zama runduna guda mai cin gashin kanta. Trenchard ya ga ba a sake wa doki sirdi ana tsakiyar sukuwa. Duk da haka aka kira shi gida cikin Janairu 1918 ya zama shugaban hafsoshin sabuwar rundunar. Bai yi wata uku ba suka ɓata da Ministan, Lord Rothermere, mai gidajen jaridu, ya miƙa takardar barin aiki ran 19 ga Maris. Aka kafa rundunar, R.A.F., ran 1 ga Afrilu 1918, bayan kwana goma sha biyu aka karɓi murabus ɗinsa. Sauran watannin yaƙin ya yi su a gabashin Faransa yana shugabancin jiragen da ke kai hari garuruwan Jamus, aikin da bai yi wani tasiri mai yawa ba.

Da a nan labarinsa ya tsaya, da ba mu ɗauki alƙalami ba. Cikin 1919 Churchill, abokin karawarsa na filin ƙwallon doki, ya zama Ministan Yaƙi da Jiragen Sama, ya sake kiransa ya koma kujerarsa. Ya hau ran 31 ga Maris 1919, ya zauna har ƙarshen 1929. Abin da ya tarar kango ne. Rundunar da ta gama yaƙi da mutum wajen 290,000 da ayari 188 an sallame ta, cikin shekara ɗaya da rabi ta koma ayari wajen 25. Baitulmali babu kuɗi. Sojan ƙasa da sojan ruwa kowa yana jiran ta mutu ya ɗauki rabonsa na gado, musamman Admiral Beatty, shugaban sojan ruwa, wanda suka yi shekaru suna ja-in-ja da shi.

Ɗan kuɗin da aka ba shi, mutane sun zaci jirage zai saya. Sai ya zuba shi cikin gini da koyarwa. Cikin Disamba 1919 ya gabatar wa Majalisa wata 'yar takarda inda ya bayyana shirinsa, hujjarsa kuwa ita ce jirgin bana tsohon yayi ne baɗi, amma mutumin da aka horar da kyau zai yi shekara talatin yana amfani, ya kuma horar da waɗansu. Ran 5 ga Fabrairu 1920 aka buɗe kwalejin hafsoshi a Cranwell. Cikin 1922 aka buɗe kwalejin manyan hafsoshi a Andover. Cikin 1925 aka fara ayarin 'yan sa-kai, watau farar hula masu koyon tuƙi ranar hutu, da kuma ayarin ɗalibai a jami'o'in Cambridge da Oxford. Abokan hamayya suka yi ta yi masa ba'a, wai yana tara tubali da siminti ba jirage.

Amma a ganinmu mafi kyaun aikinsa duka shi ne makarantar yara masu koyon sana'a, wadda aka fi sani da sunan Halton. Ya lura tun a Faransa cewa ran matuƙi yana hannun makanike, in an ɗaura ƙusa ba daidai ba jarumtaka ba ta da amfani. Saboda haka ya shirya a riƙa ɗaukar yara masu shekara 15 zuwa 17 ta hanyar jarrabawa, har hukumomin ilmi na larduna suna da ikon gabatar da nasu, a koya musu aikin inji da ƙira da waya shekara uku, tare da lissafi da kimiyya da Turanci da tarihi, ci da sha da tufafi duk na Gwamnati. Sa'an nan ya yi abin da ba a saba gani ba a Ingila ta wancan zamani, inda hafsa ɗan masu kuɗi ne, makanike ɗan talaka: ya buɗe ƙofa tsakanin makarantun biyu, yaran da suka fi ƙwazo a kowane aji a wuce da su Cranwell kyauta su zama hafsoshi. Shi da ya ga yadda karyewar uba ke rufe wa yaro hanya, ya san abin da yake yi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa shi ne Frank Whittle, ɗan wani makanike, wanda da fari aka ƙi shi saboda gajarta. Ya shiga koyon sana'a cikin 1923, ya wuce kwalejin hafsoshi cikin 1926, cikin 1930 ya yi rajistar injin jet, wanda irinsa ne ke ɗauke da alhazanmu yau. Kafin a rufe wannan shiri cikin 1993 an horar da yara kimanin 40,000.

To, amma da me aka biya kuɗin waɗannan makarantu? Don rundunar ta rayu, tilas ne Trenchard ya nuna wa Baitulmali cewa tana da aikin yi a lokacin salama, kuma tana yinsa da araha. Ya sami wannan dama a ƙasar Somaliya. A can Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, malami kuma mawaƙi, ya yi shekara ashirin yana yaƙi da Ingilishi da Habasha da Italiya, an kai masa yaƙi sau da yawa ba a ci shi ba. Sojan ƙasa suka ce sai an ba su runduna babba da miliyoyin fam. Trenchard ya ce jirage goma sha biyu sun isa. Aka fara jefa bam ran 21 ga Janairu 1920, cikin mako uku aka rushe ganuwoyinsa har da babbar ta Taleh, Sayyid ya tsere zuwa Ogaden, ciwo ya kashe shi a ƙarshen shekarar. Gaskiya ita ce sojan raƙuma da na ƙasa sun yi babban rabo na aikin, amma a Landan jirage aka yaba.

Daga nan sai Iraƙi. Tawayen da mutanen ƙasar suka yi cikin 1920 ya ci wa Ingila wajen fam miliyan 40. A taron da Churchill ya kira a Alƙahira cikin Maris 1921, Trenchard ya ɗauki alkawarin riƙe ƙasar da ayari takwas da 'yan motoci masu sulke, aka miƙa wa R.A.F. ita cikin Oktoba 1922. Yadda ake yi shi ne, in wata kabila ta ƙi biyan haraji ko ta tare hanya, sai a kira shugabanta. In ya ƙi zuwa a jefa takardun gargaɗi, sa'an nan a jefa bam a ƙauyen, a harbe dabbobi, a hana mutane komawa gidajensu da gonakinsu har sai sun sauko. A takarda abin ya yi kama da hukunci mai sauƙi. A ƙasa kuwa ba kullum ake yin gargaɗin ba, bam kuma ba ya tambayar wanda ya ƙi haraji, ya sami mata da yara da tsofaffi. Wani babban hafsa na rundunar, Lionel Charlton, ya ziyarci asibitin Diwaniya cikin 1923, ya ga waɗanda aka raunata, ya nemi a sauke shi daga aikin Iraƙi, aka sauke shi, bai sake samun ƙarin girma ba. Aka yi irin wannan aiki a Adan da kan iyakar Indiya da Afganistan.

Mu dai muna ganin wannan dabara ba a sama ya koyo ta ba, a dajin Bende ya koyo ta: 'yan mutane kaɗan da makamin da abokin gaba ba shi da irinsa, a hukunta gari duka saboda laifin waɗansu, a tsorata na nesa da abin da ya sami na kusa. Jirgin ya maye gurbin bindiga mai ruwa da 'yan dako ne kawai. Kuɗin da aka rage a Iraƙi shi ya rufe bakin masu neman a rushe rundunar, shi ya sa Cranwell da Halton suka tsira. Duk wanda zai yabi makarantun, mu ma muna cikinsu, ya kamata ya san ƙauyukan da suka biya. Adalci kuma ya sa mu faɗi cewa jiragen nan sun yi aikin ceto: a hunturun 1928 zuwa 1929, da yaƙin basasa ya tashi a Afganistan, sun kwashe mutum 586 daga Kabul ta kan duwatsu masu ƙanƙara.

Akwai wani ra'ayi nasa da zamani ya gwada bai same shi daidai ba. Ya gaskata cewa bam yana karya zuciyar jama'a fiye da yadda yake rushe gini, har yakan ƙiyasta ninki ashirin, lissafin da babu wani awo a bayansa. Don haka ya fi son jiragen jefa bam a kan jiragen tare hari. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Jamus ta yi watanni tana ruwan bam a Landan, zuciyar mutane ba ta karye ba. Almajiransa, musamman Arthur Harris wanda ya yi aiki a Iraƙi, suka rama a kan biranen Jamus, aka kashe farar hula dubu ɗaruruwa, rundunar jefa bam ta Ingila ta yi hasarar mutum fiye da 55,000, Jamus kuwa ba ta sallama ba sai da sojan ƙasa suka shiga. Abin da ya ceci Ingila cikin 1940 jiragen tare hari ne da na'urar hango jirage, ƙarƙashin Hugh Dowding. Sai dai kuma hafsoshin da suka ja ayarin nan da yawa 'yan Cranwell ne, ayari da dama na 'yan sa-kai ne, waɗanda ke kwana suna gyaran jiragen kuwa yaran Halton ne da suka girma. Hanyar nan ma da Coningham ya bi zuwa Kano cikin 1925 ita ce aka bi, daga Takoradi ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Masar, aka kai jirage fiye da 5,000 fagen fama tsakanin 1940 da 1943.

Game da girmamawa, ƙasarsa ba ta rage masa komai ba. Bayan D.S.O. ta Nijeriya ya sami C.B. cikin 1914, aka yi masa Sir cikin 1918, cikin 1919 aka ba shi sarautar Baronet wadda ake gado, tare da kyautar fam 10,000 daga Majalisa. Ran 1 ga Janairu 1927 ya zama mutum na farko da ya riƙe muƙamin Marshal na R.A.F., daidai da Fil Marshal a sojan ƙasa. Da ya sauka aka yi masa Lord cikin 1930, aka ɗaga shi zuwa Viscount cikin 1936, cikin 1951 kuma aka ba shi lambar O.M., wadda ba a yarda masu ita su wuce mutum 24 a raye ba. Faransa da Beljiyam da Amurka su ma sun ba shi nasu.

Bai iya zama ba aiki ba. Daga 1931 zuwa 1935 ya shugabanci 'yan sandan Landan, kuma kamar yadda mai karatu zai zata, ya kafa musu kwaleji a Hendon cikin 1934. Daga 1936 zuwa 1953 shi ne shugaban kamfanin U.A.C., wanda ya daɗe yana sayen gyaɗa da auduga da fatu a ƙasar nan, saboda haka ya sake zagayowa Afirka ta Yamma yana tsoho. Babban ɗakin taro na Jami'ar Ibadan, wanda kamfanin ya ba da kuɗin gininsa, sunansa yake ɗauke da shi.

Ya yi aure a makare, cikin 1920, ya auri Katherine Boyle, wadda mijinta ya mutu a yaƙi ya bar ta da 'ya'ya. Yaƙi na biyu ya ci biyu daga cikin 'ya'yan nan nata, ya kuma ci ɗan farinsa na cikinsa, Hugh, a Afirka ta Arewa cikin 1943. A ƙarshen ransa idonsa ya kusa rufewa duka, sai an karanta masa takarda. Ya mutu a Landan ran 10 ga Fabrairu 1956, mako guda bayan ya cika shekara 83. Aka ƙone gawarsa bisa al'adar waɗansu Turawa, aka binne tokar a majami'ar Westminster, cikin ɗakin da aka keɓe don tunawa da matuƙan da suka mutu suna tsaron Ingila cikin 1940, ɗakin da shi kansa ya shugabanci tara kuɗin gyara shi.